Albasar Inna ta ƙwace min kujera

Ina gaban sikeli a filin jirgin Sakkwato, ina hura hanci da tikitin rangwamen da na samu zuwa Legas, sai Inna ta sa aka ɗora buhun albasar da za ta aika wa yayata.

Ma'aikaciyar ta faɗi kuɗin kaya. Wallahi ya ninka na tikitina.

Inna ta ce, "Haba ɗiyata, albasa ce fa!"

"Hajiya, nauyi ke shan man jirgi. Abin da muka rage wa ɗanki, a kaya muke fanshewa."

Inna ta dube ni sama da ƙasa.

"To aza albasar bisa kujeratai, shi ya bi mota."

Yau na san matsayina a gidanmu. Ku da me aka taɓa musanya ku?