Mutumin da Aka Raba da Ruwan Sama

Baba yankan ciyawa yake yi a filin ƙwallon wata makaranta, kuma babu abin da jikinsa ya ƙi jini kamar ciyawa. Da zarar ta fara fure, hancinsa ya zama famfo, idanunsa su yi jawur. Malaman makarantar suna kiransa Atishawa, har ya gaji ya fara amsawa.

Maganinsa ɗaya ne tun yana saurayi: hadari. Da ya ga sama ta yi baƙi sai ya kashe injin yankan ciyawar, ya tsaya tsakiyar fili yana jiran ruwa ya wanke masa iska. Ranar yakan yi barci kamar jariri, kunnuwanmu ma su huta.

Bara ya tsaya kamar kullum, iskar farko ta buge shi, numfashi ya ƙi shiga. Mutumin da bai taɓa yin asma ba! Mai gadi ne ya garzaya da shi asibiti.

Likitar ƙirji ta ce wani hadarin yakan kwashi ƙurar furen ciyawa ya farfasa ta, ta wuce hanci ta sauka huhu. Suna bincike don gano wane hadari ne ke yin haka, kuma wa zai kama cikin masu irin murarsa. Baba ya yarda ya shiga binciken. Ni ke raka shi, kuma wallahi na gaji. A tsira masa allura a hannu, a ɗebi jini, ya hura bututu har ya ga jiri, mu dawo. Duk zuwa tambayarsa ɗaya ce.

"Likita, wanne ne mugun? In bar shi, in fita wa sauran."

"Ba mu kai nan ba tukuna, Baba. Kowanne ka gani, ka shiga ɗaki."

Jiya da la'asar hadari ya haɗo. Inna ta rufe tagogi, ta cusa tawul a ƙarƙashin ƙofa, ni kuma na ajiye masa maganin asmarsa na shaƙa a cinya. Ya zauna jikin gilashi, hanci na zuba, yana kallon ruwan farko na sauka. Tausayinsa ya kama ni.

"Wannan da gani mai kirki ne," in ji shi, ya kai hannu ga sakatar taga.

"Malam, don Allah," in ji Inna.

Ya janye hannun. Sannan ya juyo gare ni.

"Ke da kike gane bayaninsu, tambayar min likitar nan. Zan kai lokacin da za su gano?"