Ɗigon da Musye Ya Goge

Ranar Litinin ce, mako biyu bayan ƙaramar Sallah, ina da shekara goma sha biyar, malaminmu na lissafi ya shigo aji da doguwar rula ya ja layi biyu a allo, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Musye kawai muke ce masa, wato Malam da Faransanci. Ya ce yau za mu koyi "nuage de points", wato girgijen ɗige-ɗige, kuma da mu za a yi misali. Kowa ya miƙe ya faɗi nisan gidansu da makaranta, da makin da ya ci a jarrabawar da ta wuce, shi kuma ya ɗiga masa ɗigo. Kafin a kai bencin ƙarshe allo ya cika, ɗige-ɗigen sun gangaro daga saman hagu zuwa ƙasan dama. 'Yan cikin gari suna can sama, 'yan Gassi, unguwarmu ta bayan gari, sun zube a ƙasa. Ya juyo yana murmushi ya ce, "Lamba ba ta ƙarya. Yaran bayan gari ba su da kan lissafi."

Har yau in na tuna murmushin nan sai na ji zuciyata tana tafasa. Mutumin nan bai taɓa tambayar yadda safiya take a Gassi ba. Ƙawata Zara, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, tun asuba take ɗebo ruwa a famfo, ta share tsakar gida, ta hura wuta ta dama kunu, ta saki awaki, sannan ta ruga bakin titi jiran kar, motar da ba ta tashi sai ta cika maƙil. Ƙofar makaranta kuwa ƙarfe bakwai daidai surbeyan, mai kula da da'ar ɗalibai, yake datse ta, duk wanda ya makara ya tsaya waje sai awar farko ta ƙare. Awar farkon nan ita ce ta lissafi. Zara ta fi ni kai nesa ba kusa ba. In mun gaji da carafke ranar Lahadi, da gawayi take warware mini aikin gida a jikin bangon kicin, uwarta na faɗa. Amma shida bisa ashirin ta ci, don rabin darussan ta bayan ƙofa ta ji su.

Ɗigona shi kaɗai ya tsaya can saman dama, ga nisa ga maki goma sha shida. Dalilin ba wani boyayye ba ne. A shekarar Inna ta kai ni gidan Gwaggo Hadiza kusa da makaranta, can nake kwana daga Litinin zuwa Juma'a, ban taɓa makara ba. Da Musye ya tambaye ni, da a nan ya gane cewa ƙofa ce ke kayar da mu, ba kai ba. Sai ya kalli ɗigon ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ɓatacce ne, ko ƙarya ko satar amsa." Ya sa babban yatsa ya goge shi. Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa amsar tana bakina, amma kunya da tsoron a ce mini ɓarauniya suka riƙe ni, na sunkuyar da kai.

Ƙarshen shekara ya kwafi girgijen a babbar takarda, ba ɗigona a ciki, ya nuna wa iyaye a taro. Baban Zara dattijo ne mai ganin girman duk abin da aka rubuta a takarda. Ya dawo gida ya zauna a tabarma ya ce, "To, kalas, shi ke nan. Tunda masu ilimi sun auna, ta zauna ta taimaki uwarta." Da aka koma makaranta, ni kaɗai na hau kar.

Yanzu akwai makaranta a layin tsohon gidanmu, yara na tafiya a ƙasa suna tsalle, ba mai jiran mota. Nakan tsaya in kalle su in yi ta tunanin Zara cikinsu da littafin rubutunta a hammata. Bara na gamu da ita a gadar Ngueli, ta ɗauko kaya daga garin Kousseri na tsallaken kogi, goyo a baya. Muka rungume juna, muka gaisa. Na ce mata akwai ajin yamma na mata, ta zo mu je in sa sunanta. Ta yi dariya ta gyara gammonta ta ce, "Haba Hauwa, ni da ba ni da kan lissafi? Ai kina wurin aka nuna a allo."

Ina wurin kuwa, kuma ban buɗe baki ba.