Yadda Na Ƙara wa Tsohuwar Na'urar Ya Fanna Gudu

Har gobe ba zan manta da ranar da na ɗora ƙarfen liƙi a kan kartin tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, ta bironmu na Gure ba. Ku da kuka shigo aikin gyara a zamanin da in abu ya lalace sai a cire a sa sabo, ku saurara, domin an yi lokacin da ba mu da sabon da za mu sa.

A lokacin ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai buga littattafan karatun manya da Hausa da Barbarci. Mu uku ne a biron, ofis ke nan. Akwai shugabanmu, shef Malam Habu, mutumin Damagaram, wanda ba ya son a zo masa da magana sai a rubuce. Akwai Ya Fanna, sakatariya, dattijuwa da ta haifi kamata, ita ke buga littattafan ta tsara shafukansu. Sai ni, Isufu, mai kula da duk abin da ke cin kuran, wato wutar lantarki, daga ordinata da injin bugawa har butar shayi in ta yi gardama.

Na'urar da Ya Fanna ke aiki da ita ta tsufa ƙwarai. Wani bature da ya yi aiki da ƙungiyar tun farkonta ne ya bar ta. Muna da sababbi guda biyu, amma ba su da amfani ga littattafan, saboda haruffa masu ƙugiya da baƙin nan na Barbarci mai kama da kifaffiyar "e" a cikin tsohuwar aka zana su ɗaya bayan ɗaya. In ka buɗe littafi a sabuwar na'ura, sai ka ga akwatuna a wurin haruffan, zane-zanen kuma sun watse. Sake buga komai daga farko aikin watanni ne.

Bazarar wannan shekarar aka ce malaman karatun manya na Alakoss da Gamu da Bune za su zo horo, kuma da sabon littafi za su koma. In suka koma hannu rabbana, karatun shekarar ya tashi ke nan, domin da zarar ruwa ya sauka kowa zai kama gona ko ya bi dabbobi. Saura kwana goma sha biyu su iso, ga kuran yana zuwa yana tafiya yadda ya ga dama. Shafi ɗaya mai zane kuwa sai ya ci kusan rubu'in awa kafin na'urar ta miƙa shi ga injin bugawa. Na duba shafukan da suka rage, na duba awannin da muke samun kuran, na ga ba za mu kai ba.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan aikin ba bayani. A cikin na'urar akwai wani allo da aka soka mata daga baya, muna ce masa kartin ƙarin sauri. Yana da ƙwaƙwalwarsa da ta fi ta asali ƙarfi, kuma in babu shi littattafan ba sa buɗuwa sam. Kusa da ƙwaƙwalwar akwai ɗan gwangwani mai ƙafa huɗu, bai kai kan yatsa ba, ana ce masa kwars. Shi ne makaɗin kartin, yadda ya buga haka ƙwaƙwalwar ke taka rawa. Namu an rubuta masa mega ashirin da biyar, saurin bugunsa ke nan. A gawar wata na'ura da ke sito kuwa na ga wani mai talatin da uku. In aka musanya su kartin zai ƙara gudu, amma zai ƙara zafi, kuma zai iya ƙonewa.

Na rubuta buƙatar a takarda, kamar yadda tsarin biron yake, na kai wa Malam Habu. Ya karanta sau biyu.

"In ya ƙone fa?" in ji shi.

Na ce, "Shef, in ya ƙone babu irinsa daga nan har Yamai."

"Ka faɗi gaskiya, amma ba ka kwantar mini da hankali ba. Je ka tambayi mai abin."

Ya Fanna ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Ɗana, ƙuruciyata tana cikin akwatin nan. Ka bari in kwashe komai a faifan disket, sai ka yi abin da Allah ya sanar da kai." Da jin haka Malam Habu ya sa hannu.

Washegari da safe, kafin rana ta yi ƙarfi, na zare kartin na shimfiɗa shi a kan tebur. Tsohon allo ba ya son zafi, in ka bar ƙarfe ya daɗe a kan ƙafa ɗaya sai siririn layin tagulla ya ɓamɓare, shi ke nan ka kashe shi. Na riƙa narkar da dalmar ƙafa ɗaya in zuƙe ta, in ajiye ƙarfen in jira allon ya huce, sannan in koma ta gaba. Ban liƙa sabon kwars kai tsaye ba, na fara liƙa masa ɗan mazauni, yadda in abu ya ƙi sai in zare shi in mayar da tsohon. Wannan dabarar ku riƙe ta, ta sha fitar da ni kunya.

Na mayar da kartin, na yi bisimilla, na danna. Na'urar ta yi 'yar ƙararta, allon kallonta ya haska. Ya Fanna ta aika shafin da ke da zanen rijiya da raƙuma, wanda ya fi kowanne nauyi, Malam Habu yana tsaye da agogo a hannu. Minti goma da 'yan kai takarda ta fito. Ya dube ni ya ce, "Ashe dai ba shayi kawai kake sha mana ba." Ranar har tafiyata ta canza, duk wanda na gamu da shi a hanya sai na ba shi labarin kwars, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Kwana biyu na zauna kusa da na'urar ina lura da ita, ba ta yi ko tari ba. A rana ta uku na koma sauran ayyukana. Da na dawo bayan azahar na tarar da ita ta sandare, shafi shida da aka aika babu ko ɗaya da ya fito. Washegari haka, jibi ma haka, kullum bayan azahar. Na auna kuran, na duba liƙin da na yi da madubin ƙara girma, na zare kartin na goge bakinsa na mayar. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne in ina zaune a wurin, ko da tsakar rana ce, lafiya lau take aiki. Ya Fanna har tsokanata ta yi, ta ce na'urar tsorona take ji.

Malam Habu bai ga abin dariya ba. Ya kira ni ya ce, "Malam Isufu, awannin da ka samo mana da safe kana zubar da su da rana. Gobe ka mayar da tsohon." Na san in na mayar littafin ba zai kammalu ba, in kuma na bari kartin na iya ƙonewa a hannuna. Na roƙe shi ya ba ni yini ɗaya. Ya ce ɗaya, ba ɗaya da rabi ba.

A ranar na daina duban na'ura, na koma duban mutum. Da azahar ta gabato na ce wa Ya Fanna zan leƙa kasuwa, na fita na zagaya na tsaya bayan taga. Na ji kunyar kaina, ƙato da ni ina leƙen sa'ar uwata, amma ba ni da wata dabara. Na ga ta jera shafuka ta aika wa injin bugawa. Sannan ta ja aljihun tebur ta fito da wani ƙyalle fari mai kauri, an yi masa adon furanni da zare ja da kore. Ta lulluɓe na'urar da shi ruf har ƙasan tebur, ta gyara gefunansa da kyau, ta ɗauki carbinta ta tafi salla.

Na ba ta 'yan mintuna na shiga. Da na ɗora hannu a kan ƙyallen sai na ji kamar murfin tukunya. Na yaye shi, iska mai zafi ta buso daga 'yan ramukan da na'urar ke numfashi ta cikinsu. Na zauna na yi dariya ni kaɗai, na kuma ji tsoro, domin kwana uku ana dafa kartin nan bai ƙone ba, Allah ne kawai ya tsare.

Da ta dawo na jira ta zauna, na rufe ƙofa don kada shef ya ji. Na durƙusa kusa da kujerarta na ce, "Ya Fanna, ƙyallen nan kullum kike rufa mata?"

"Tun ranar da aka kawo ta. Ni na ɗinka shi da hannuna."

"Amma ban taɓa ganinsa ba."

"In kana nan me zan rufa? Ai da mai tsaro. Ɗana, wace mace ce za ta fita ta bar ƙwaryarta a buɗe? Ga ƙuda, ga tsaka, ga idon baƙi. Abin da ke ciyar da kai ba ka barinsa tsirara."

Na yi mata bayanin zafin da kartin ke yi yanzu. Na ga ranta ya ɓaci. Ta ce, "Shekara nawa ina rufe ta ba ta taɓa kai ƙarata ba."

Na ce, "Da tafiya take yi, yanzu na sa ta gudu. Laifin nawa ne, na canza mata kiɗa ban gaya miki rawa ma za ta canza ba."

Ta ce ta ji, amma ita fa ba za ta fita ta bar ta a buɗe ba, in nemi wata hanya. Da farko na so in yi gardama, sai na ga dattijuwar tana da gaskiyarta. Na sha buɗe na'urorin wasu birori in tarar da kashin tsaka da gawar kyankyasai, tata kuwa cikinta tsaf yake. Ƙyallen da ya kusa kashe kartin shi ne ya raya shi duk shekarun nan.

Da la'asar na je wurin wani kafinta ya haɗa mini 'yar rumfa ta katako mai ƙafa huɗu, ta ɗara na'urar tsawo da taƙi ɗaya. Ƙyallen zai hau samanta ya sauko ta gaba, baya da gefe kuwa muka sa raga irin ta taga. Daga nan na biya wurin masu zubin tukwanen alminiyam, suka yanko mini ɗan guntu na goge shi na yi masa tsaga-tsaga, na ɗora a kan ƙwaƙwalwar kartin don ya riƙa janye zafi. Na ƙara da ƙaramar fanka da na ciro daga gawar nan ta sito.

A rahoton da na kai wa Malam Habu na rubuta cewa ban yi tanadin zafin bazara ba, kuma na gyara. Ban sa sunan kowa ba. Ya zo ya ga rumfar da ƙyalle a kanta, ya dube ni, ya dubi Ya Fanna, ya juya ya koma kan aikinsa. Na san ya gane.

Daga ranar na'urar ba ta ƙara sandarewa ba. Ya Fanna takan aika shafuka ta rufa ƙyallenta ta tafi salla, ta dawo ta tarar da takardu sun fito. Shafin ƙarshe ya fito ana gobe malaman za su iso, muka yini mu uku muna ninkewa muna ɗinkewa. Da na ga malamin Alakoss yana ɗaure nasa littattafan a bayan babur yana lulluɓe su da leda, na ji wani daɗi da ban taɓa ji ba a aikin nan, kuma ba na jin kunyar faɗin haka.

Abin da na koya shi ne na'ura ba ta zama ita kaɗai, tana da mutuminta, mutumin kuma yana da al'adarsa. Na san ƙafafun kwars da layukan tagulla, amma ban taɓa tambayar matar da ta fi kowa sanin na'urar yadda take yini da ita ba. Kafin ku taɓa injin kowa, ku zauna ku ga yadda mai shi yake yi da shi, har abin da yake yi in ya tashi salla.

Bayan malaman sun tafi, Ya Fanna ta miƙo mini littafi ɗaya ta ce in duba bangon baya. A wurin ake rubuta sunayen waɗanda suka rubuta da wanda ya yi zane, ba a taɓa sa mai gyara ba. A ƙasan nata sunan na ga ta ƙara layi ɗaya: "Gyaran na'ura: Isufu." Na ce mata shef bai ba da izinin wannan a rubuce ba.

Ta ce, "Ni na buga. In yana da magana, ya kawo mini a rubuce."