Tayoyin Baya

Ran ɗan Adam ba shi da farashi, haka ake wa'azi kowace Lahadi. A rumfar mai taya da ke hanyar Gidan Waya kuwa, ana ɗan yin ragi.

Wani dattijo ne tsugune gaban tayoyi biyu. Gajere ne, kwat ɗinsa ta koɗe a kafaɗa. Ina jin tsohon malamin makaranta ne da ya zuba kuɗin sallamarsa a motar a-kori-kura. Taya ɗaya sabuwa ce, har da ledarta. Ɗayar tsohuwa ce da aka liƙa wa sabuwar roba. Yana cusa farce a bakin liƙin, yana cirewa, yana sake cusawa.

"Baba Dickson, wannan za ta ɗauki citta buhu talatin," in ji mai taya.

"Ba citta ba ne, ɗana. Matan zumuntar coci ne zan kai biki Kasuwan Magani. Madam ɗina tana ciki."

Sannan ya ce a sa sababbi a gaba, liƙaƙƙu a baya. Ya ɗora hannu a kansu, leɓunansa suna motsi.

Matan zumunta a baya suke zama.