Jan Farcena a Kan Notin Baba Ɗigo

An kori Baba Ɗigo daga gonar ƙungiyarmu a kan laifin da bai yi ba, kuma ni na buga takardar korar da hannuna. Wata bakwai ke nan. Tun a ranar na san mai laifin, na ja bakina na yi shiru.

Ni ce sakatariyar gonar. Tagar ofishina tana kallon gareji, don haka shekara goma sha ɗaya ina ganin ƙeyar mutumin nan sunkuye a kan inji. Bakanike ne, yana kuma walda. Gajere ne, furfura har a gira, ba ya son a tsaya masa a ka yana aiki. Sunan ya samo shi ne daga wani gwangwanin jan fenti da ba ya rabo da shi. Duk notin da ya ɗaure ya gamsu, sai ya tsoma tsinke ya ɗiga masa fenti, rabi a kan notin, rabi a kan ƙarfen da ke riƙe da shi. In wani ya taɓa, ɗigon ya tsage. Direbobi suna tsokanarsa wai ko matarsa ta ɗaura ɗankwali sai ya ɗiga.

Shi kuwa ya ce, "Nata ba ya kwancewa a hanya. Ku ne matsalata."

Yatsu uku gare shi a hannun hagu. Injin haƙa ramin turakun shinge ne ya tafi da biyun. Ga wanda bai san injin ba, wani dogon murɗaɗɗen ƙarfe ne da ake ratayawa a bayan tarakta, wata sanda ta fito daga jikin taraktar tana juya shi. Sandar nan ba ruwanta da riga ko hannun da ke cikin rigar. Ga shi injin gaba kawai ya iya juyawa. In ya kama saiwa ya maƙale, sai an kashe tarakta, ƙarti uku su sa dogon bututu su warware shi da ƙarfin tsiya.

Shekarar da aka ce za a kewaye sabuwar makiyaya, rami sama da ɗari shida, Baba ya sami manaja ya ce a bar shi ya cire injin daga bayan tarakta ya mayar da shi gaban loda, motar nan mai bokiti da muke kwasar taki da ita, man haidirolik ɗinta, wanda ke ɗaga bokitin, ya riƙa juya shi.

Manaja ya ce, "Baba, kamfani ya ƙera abu a baya, kai ka ce gaba?"

"Kamfani bai bar yatsa a gonar nan ba, ranka ya daɗe."

Mako uku ya yi a kai. Ya zare sandar ya jefa ta bayan gareji, ya ce ta je ta ci ciyawa. Ya ciro wani ƙaramin inji mai aiki da mai daga tsohon injin girbin da ya mutu, ya yanka farantin ƙarfe, ya yi masa walda daidai inda bokiti ke zama, ya ja tiyo biyu. Ya zo ya ari agogon bangona, ya yi wa ƙarfen alama da alli, ya tsuguna yana ƙirga juyinsa a minti ɗaya. Gwajin farko abin ya yi gudu, ya watsa wa manaja ƙasa har cikin aljihu. Na biyu ya zauna daidai.

Abu na ƙarshe da ya sa shi ne wani ɗan bawul mai noti ɗaya. Aikinsa, in ƙarfen ya ci karo da dutse, man ya koma baya, inji ya tsaya maimakon ya yi kokawa. Yini guda ya yi yana saita notin nan, sannan ya ɗiga masa fenti, ya tara direbobi.

"Wannan notin ba naku ba ne. In kun ga ya tsaya, ba lalaci ba ne, dutse ya gani. Ku juya shi baya, ku matsa gefe."

Rami ɗari huɗu aka haƙa ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Direba yana kallon aikinsa a gabansa, ba murɗa wuya, ba kowa kusa da sanda mai juyawa.

Sai aka iso ɓangaren duwatsu. Auta, ƙanin mijina, shi ne direban lodar. Manaja ya tasa shi gaba, wai lallai a gama kafin 'yan kwamiti su zo dubawa, injin kuwa bini-bini ya tsaya. Auta ya ɗauki sifana ya ƙara wa notin ɗauri. Rami na uku tiyo ya fashe, mai mai zafi ya saɓule wa wani lebura fata daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu.

Baba ne ya ɗauki leburan a babur ya nufi asibiti. Yana can aka jawo loda gareji, Auta ya shigo ofishina yana zufa.

"Matar yaya, ina jan farcen nan da kike sa wa makullai alama da shi?"

Ban tambaye shi me zai yi da shi ba. Ban tambaya ba ne don na sani. Na jawo durowa na miƙa masa, ta taga kuma na gan shi ya kankare tsagaggen ɗigon ya sa sabo.

Da kwamiti ya zauna, Baba bai yi dogon bayani ba. Ya ce a je a duba ɗigon. Aka je, ga shi lafiya lau. Ya sunkuya ya daɗe, ya sa farce ya taɓa.

"Wannan ba fentina ba ne. Nawa ba ya ƙyalli."

Manaja ya yi dariya. "Yanzu kuma ja ma iri-iri ne, Baba?"

Ina tsaye da littafin rubuta bayanan taro, makullan ofis a hannuna, kowanne da ɗigonsa yana ƙyalli. Baba ya dubi makullan, ya dubi fuskata. Ya kau da kai. Da ma ya zage ni.

Washegari na buga takardar. "Sakaci" da "haɗa na'ura ba bisa ƙa'ida ba", haka aka ce in rubuta, haka na rubuta. Ya karanta a tsaye, ya ninke ta biyu, ya ce, "Kin buga da kyau, 'yata. Ba kuskure ko ɗaya."

Ina da hujjoji, kuma na maimaita su har na gaji da jin su. Matar Auta ba ta daɗe da haihuwa ba. Surukata tana da hawan jini. Mijina zai ce na tona wa gidansu asiri. Duk gaskiya ne, amma duk da haka ba tsohon nan ne ya murɗa notin ba.

Yanzu yana bakin titi ƙarƙashin wata rumfar kwano yana gyaran injin ban ruwa. Ba gonar da ke ba shi gyaran tarakta, sunansa ya koma mai fasa tiyo. Injin nasa kuwa yana nan yana aiki. Sabon bakanike ya canza tiyo, ya faɗa mini da bakinsa cewa ya tarar da notin ya wuce wurinsa da juyi biyu. In baƙi suka zo, manaja ya kai su gaban loda yana cewa, "Dabarar gonarmu ce."

Makon jiya na daure na tsaya a rumfar. Na gaishe shi, ya amsa, ya turo mini benci. Na buɗe baki zan fara, ya riga ni.

"An mayar da notin inda yake?"

Na ce an mayar.

"To, madalla. Yaran nan ba sa jin magana."

Abin da ya tambaya ke nan. Na koma gida na kasa cin abinci.

Saboda haka, manaja da 'yan kwamiti, ranar Asabar akwai taro. Zan ajiye kwalbar jan farcen a kan tebur, in faɗi nawa laifin da farko, a gaban kowa. Auta, ka zo ka faɗi naka, in ba ka zo ba zan faɗe shi a madadinka. Manaja ya faɗi wanda ya matsa a yi sauri. Sannan ku janye takardar nan, ku rubuta wata mai wanke shi, ku aika wa duk gonar da ta ji ta farko. Kada ku aika a kira shi. Ku tashi da ƙafarku ku je rumfar ku ba shi haƙuri, ku mayar masa da garejinsa in har yana so.