Lungunan Zuciyata

Babana bai kai sittin ba ciwon zuciya ya ɗauke shi, yana kan keken ɗinkinsa a Anguwan Rogo. Ƙaninsa ma haka ya tafi. Tun daga nan gidanmu suka kafa doka: namiji in ya fara furfura a zaunar da shi, ko buta kada ya ɗaga, a yi ta ɗura masa man shanu wai don zuciya ta yi ƙwari.

Da tawa furfurar ta fito, sai na tafi asibiti. Likita ta ce ana gadon wannan ciwo. In babbar jijiyar zuciya ta toshe, jini kan ratsa ta ƙanana, kamar yadda mai keke napep ke shiga lungu in an tare titi. Wasu an haife su da lunguna da yawa, wasu kaɗan. Ta ce in rage maiƙo, in kama tafiya a ƙafa don lungunan nawa su buɗe.

Washegari da safe na shirya zuwa tsaunin Dutse Uku a ƙafa. Gwaggo, yayar Baba, ta tare ni a zaure.

"Kashe kanka za ka yi? Ka manta ubanka?"

"Ban manta ba, Gwaggo. Ai a zaune ya rasu."

Har yau takan aiko da man shanu, ni kuwa in miƙa wa maƙwabta. Na sani ajali ba ya wuce ranarsa. Amma ran da zai zo, sai dai ya biyo ni kan dutse yana haki.