Na Je Agadas Bikin Ɗiyar Hannatu

Asubar Talata muka tashi daga Damagaram, ni da ƙanwar mijina, za mu Agadas bikin ɗiyar Hannatu. Shekara ashirin da shida rabona da garin. Muna wuce Tanut gudron, wato kwaltar hanya, ya zama sai suna, kar ɗin, babbar motar da muka shiga, ta yi ta jijjiga mu kamar ana tankaɗe. A Adarbisinat muka sayi cuku da shayi, abokiyar tafiyata tana ci tana mitar tsada.

Ni da Hannatu lakol ɗin mishan muka yi tare, makarantar kwana. Can babu ɗankunne, babu lalle, waƙa kuwa sai ta majami'a. Wadda ta yi dariya wurin cin abinci sai ta durƙusa kan tsakuwa ta haddace Zabura. Wajen biyayya babu wadda ta kamo ni. Ita kuwa Hannatu 'yar rediyo ta ɓoye cikin katifa, tana jin gitar Abzinawa. Shekarar da aka ba ta jan waƙar Kirsimeti aka tsallake ni, na je na faɗa wa Madam mai kula da mu zancen rediyon. A gaban kowa aka kore ta. A zatona ba ta san wanda ya kai ƙararta ba.

Da la'asar kabu-kabu ya sauke mu unguwar Dagmanet. Tun daga ƙofa nake jin muryar Hannatu. Ta yi ƙiba, azurfa har gwiwar hannu, ita ke sayar da ita a butik ɗinta. Mijinta na zuba mata shayi, 'ya'yanta na tsokanarta, tana kai musu dukan wasa da mafici. Aka kawo shinkafa da naman rago, na ci loma uku na ture. Na duba ko zan samu abin kushewa a gidan, ban samu ba. Ran Lahadi ma ita ta ja waƙa a majami'a, muryar tana nan yadda na san ta.

Ana gobe za mu koma, muna wanke kwanuka mu biyu, na ce, "Hannatu, ni na kai ki wurin Madam."

Ba ta ɗaga kai ba. "Na sani tun ranar, ke kaɗai kika san katifar. Shekara guda babana bai yi mini magana ba." Ta miƙo mini kwano. "Amma ni korata aka yi, na fita. Ke kuwa har yanzu in za ki yi dariya sai kin rufe baki."

Kwana shida muka yi. Da na iso gida, daga zaure na jiyo 'yan matana uku suna shewa. Ina yin sallama suka yi tsit, kowacce ta gyara zama. Na ce su ci gaba abinsu. Suka kalli juna, babbar ta ce, "Mama, mun yi laifi ne?"

Kishin Hannatu bai sake ni ba har yau. Na dai gane ba azurfarta nake so ba.